Sunayen Duwatsun da Wuta Ta Haifa

Tambaya: Malam, an ba mu igneous, magma, lava, granite da pumice mu haddace, ni kuwa duk sun cakuɗe mini. Daga ina Turawa suka samo waɗannan sunaye? Daga wata ɗaliba a Funtuwa.

Amsa: 'Yata, kada girman sunayen ya ba ki tsoro. Babu ko ɗaya da Ingilishi ya ƙirƙira, duk aro ne, kuma wasunsu daga madafa suka fito.

Igneous ita ce uwar gayyar: duk dutsen da ya narke sannan ya huce ya daskare. Tushenta ignis, wato wuta da Latin. Inda direba ke murza makulli mota ta tashi, ignition, danginsu ɗaya.

Magma ce ta fi ba ni dariya. Da Girkanci ma'anarta kwaɓaɓɓen abu mai kauri. Ki tuna talgen tuwo a tukunya yana ɓal-ɓal kafin a tuƙa, to haka narkakken dutse yake a can ƙarƙashin ƙasa. Da zarar ya ɓullo waje sai sunansa ya koma lava, kalmar da mutanen Napoli a Italiya suke kiran ruwan sama mai malala a titi da ita. Wani likitansu, Francesco Serao, ya yi amfani da ita wajen kwatanta aman wutar da dutsen Vesuvius ya yi a 1737.

Granite daga granum take, ƙwayar hatsi. Ranar da na tsaya wurin masu fasa dutse a Jos na ɗauki ɓallin ɗaya, sai ga ƙwayoyi fari, baƙi da ja-ja a jere kamar an cuɗa gero da dawa. A hankali ya huce cikin ƙasa, shi ya sa ƙwayoyin suka samu lokacin girma har ido ke ganinsu.

Pumice kuwa ta fito daga pumex, 'yar'uwar kalmar kumfa a Latin. Iska ce ta maƙale cikin lava yayin da take hucewa da sauri, ta bar dutsen duk huji. Irinsa ake sayarwa don goge kaushi. In kin samu, jefa shi a bokitin ruwa ki gani, ba ya nutsewa.