Amsa kan masu ɗawainiyar kurata a Depo na Zariya

Ɗan'uwa, ka tambayi su wane ne ke ciyar da kurata da yi musu sutura a Depo na Zariya, wato cibiyar horar da sababbin sojoji, da kuma lokacin da aka faro wannan tsari. Na yi aiki a sito na kwatamasta kafin in yi ritaya, saboda haka zan faɗi abin da na sani.

An kafa Depo a 1924, zamanin da sojojin ƙasar nan ke ƙarƙashin rundunar Turawan Ingila ta Afirka ta Yamma, kuma a wancan lokaci da Hausa ake magana da kurtu a bariki, har hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Zariya mahaɗar jiragen ƙasa ce tun kafin nan, wanda hakan ya sauƙaƙa kawo mutane da hatsi da kaya. Sunan barikin, wato Chindit, ya samo asali ne daga yaƙin ƙasar Bama (Burma), inda bataliyoyin Najeriya suka yi yaƙi a dazuzzuka a 1944 cikin rundunar Chindit. A 1954 aka buɗe makarantar yara ta soja a garin.

Ɗawainiyar kuwa ba a hannun mutum ɗaya take ba. Kwatamasta ne ke riƙe da kaki da takalma da barguna, masu sufuri da abinci su kawo buhuna, masu girki su dafa, likitoci su duba marasa lafiya, sannan akawuna su riƙe takardun kowa. Ranar da sababbin kurata suka iso, kafin saje ya buɗe baki a filin fareti, mu ne muke fama da su a layi, ana gwada takalmi ƙafa bayan ƙafa, domin takalmin da ya matse yaro zai fasa masa diddige cikin mako guda, daga nan sai asibiti, horo ya wuce shi. Haka masu girki ke hura wuta tun kafin asuba, don shayi ya kasance a shirye idan an dawo daga gudun safe.

A ganina, babu lokacin da aka gwada wannan sashe kamar yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, lokacin da sojan Najeriya ya tashi daga kimanin 10,000 zuwa kusan 250,000. Dole aka gajarta horo, amma ba yadda za a gajarta cin abinci ko sutura, kuma tsofaffin da muka tarar sun sha ba mu labarin wahalar da masu sito suka sha.

Yau horon kurtu kan ɗauki wata shida, kuma a 2024 Depo ya cika shekara 100. Yana yi mini ciwo yadda ake tafa wa masu fareti ranar yaye, ba wanda ke tambayar waɗanda suka kwana a bakin murhu. Idan rubutu kake shiryawa, ka nemi tsofaffin masu girki da masu sito da ke zaune a Sabon Gari, ka ji daga bakinsu tun suna da rai.