Amsa ga mai tambaya kan hawa Dutsen Camundi a Maisur

Ɗan'uwa, ka ce za ka kwana biyu a Maisur ta ƙasar Indiya, kana tambaya ko Dutsen Camundi ya isa a ɓata masa safiya, kuma ko Musulmi zai iya zuwa. Shekara uku na yi ina karatu a garin, na hau shi ya fi a ƙirga.

Ka san da cewa wurin ibadar mabiya addinin Hindu ne, ba wurin shaƙatawa ba. Suna bautar wata allahiya mai suna Camundeshwari, wadda suka yi imani ita ta kashe wani aljani, Mahishasura, a kan dutsen. Daga sunan Mahishasura ma aka samo sunan garin, kuma gunkinsa na nan a sama, takobi a hannu ɗaya, maciji a ɗayan.

Mota na kaiwa har sama, tafiyar kilomita 13 ce, amma in gwiwarka ƙalau take, bi matakala. Sun kai 1000, tun 1659 wani sarkin Maisur ya sa aka yi su. Ka fita da ka idar da sallar asuba, kafin rana ta buɗe. Na taɓa bin bayan wata tsohuwa, ƙafa ba takalmi, kowace matakala sai ta duƙa ta ɗiga mata kurkur da wani jan gari da ɗan yatsa. Ni da ƙuruciyata ina ta haki, ita ko a jikinta. Wajen matakala ta 700 za ka tarar da ƙaton bajimin sa na dutse a durƙushe, Nandi suke ce masa, wuyansa cike da furanni.

Ni dai ban taɓa shiga ɗakin bautar ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini don me. A farfajiya nake tsayawa in kalli hasumiyar ƙofar mai hawa bakwai, sannan in hango fadar sarki da garin baki ɗaya a ƙasa, kamar Kano daga kan Dala, sai dai wannan ya ninka Dala tsawo nesa ba kusa ba. Kada ka ɗauki mai ibada hoto sai ka nemi izini.

Ka guji Juma'o'in watansu na Ashada, tsakanin Yuni da Yuli, ko wurin sa ƙafa ba ka samu. Sai kuma birai. Kada ka riƙe leda a hannu, ayabata sukutum suka fizge ina ji ina gani.