Amsar Baffa a kan sunan Kashinawi

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso, barka da arziki. Allah ya raya yaron bisa sunna, ya ƙara wa maijego lafiya. Na ga tambayoyin da ka jero yanzu da za ka shigar da shi cikin katin iyali a Ahwal, ofishin rajistar 'yan ƙasa na Saudiyya: daga ina muka samo Kashinawin nan da ke maƙale a ƙarshen sunanmu, me ya sa a duk ma'aikatarku ta Riyad kai kaɗai ke da shi alhali ko'ina ka juya Hausawi ne da Barnawi da Fallata, sannan mutumin nan na Facebook mai irin sunan, da ya ce maka jininku ɗaya, ko gaskiya ya faɗa. A ƙarshe ka ɗan soko wata magana a kaikaice, wai ko za a iya mayar da shi Hausawi kowa ya huta. Na gane ta sarai, zan zo kanta.

Kakanninmu ba su baro gida da sunan dangi ba, don Bahaushe bai gaji wannan ba. Abin da ya sani shi ne sunan yanka da ake raɗawa ranar bakwai, sai kuma laƙabin da ake sakaya sunan yankan da shi. In an sa wa yaro sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya buɗe baki ta kama sunan surukinta ba, sai ya koma Abba ko Baba. In ranar Juma'a ya zo duniya Ɗanjuma, in bayan mata ya biyo Tanko. Idan ana son rarrabe shi da takwaransa sai a ce wane ɗan wane, ko a jingina shi da sana'ar gidansu, na maƙera ko na marina. Sai mutum ya bar garinsu ne sunan gari ke kama shi. A zango ba mai tambayar sunan ubanka, cewa za a yi ina Bakatsinen nan, ina Bagobirin da ya sauka jiya. Ko da boko ta zo haka aka ci gaba: yaro na jin nauyin a riƙa kiran sunan mahaifinsa kullum safiya a gaban jama'a, sai a rubuta garinsu. Ta nan aka sami Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shehu Shagari da Isa Kaita, Sardauna ma Ahmadu Raɓa ake ce masa a Kwalejin Katsina. Duk waɗannan garuruwa ne, ba sunan kakan kowa a ciki.

Da mutanenmu suka iso Hijaz sai suka tarar nan ma haka ake yi wa baƙo. Makka garin baƙi ce tun fil azal, kowa da inda ya fito ake kiransa. Dubi maƙwabtan da ka tashi da su: Bukhari daga Bukhara, Falimban da Bantan daga tsibiran Indunusiya, Faɗani daga kudancin Tailan, Dahlawi daga Delhi, Shanƙiɗi daga Muritaniya, da Kashgari, wanda ka ce ana yawan rikita naka da shi, su kuwa daga Kashgar ta ƙasar Sin. Namu ma sahun nan ya bi. Kashinawi shi ne Bakatsine a bakin Balarabe. Larabci ba shi da harafin tsa, shi ya sa tun can da malamanmu in za su rubuta sunan garin da Larabci, kaf da shin da nun suke sawa, a karanta Kashina ko Kashna. Ba su ma yi nisa ba, don in ka kasa kunne ga tsohon Bakatsine za ka ji ba Katsina irin ta Kanawa yake faɗa ba, tasa ta fi kusa da Kacina. Shi kuwa sunan garin kansa, masu labarin baka suna cewa na wata mace ne, matar Janzama mai sarautar Durɓi ta Kusheyi. Labarin kaka da kakanni ne, ka riƙe shi a matsayinsa.

Kada ka ɗauka a ofishin gwamnati aka ƙirƙiro sunan. Ya riga daular Saudiyya ta yanzu, wadda aka haɗe a 1932, shiga littattafai da kusan shekara 200. Akwai Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya baro Katsina ya yi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubutu a kan lissafi da hatimi da ilimin taurari, ya rasu can a 1741 a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misira. Ka lura da sunan nasa da kyau: Bafulatani ne, kuma Kashinawi ne. Na farkon ya faɗi asalinsa, na biyun ya faɗi ƙasarsa. A zamaninmu kuma ga Shaihu Abubakar ɗan Hasan al-Kashinawi da ya zauna nan Makka, mai As'halul Madariki, sharhin littafin Askari da almajiran ƙasar Hausa ke karantawa bayan Risala. Juzu'i 3 ne, duk inda ake karatun Malikiyya an san shi, ya rasu a 1397 ta Hijira, wato 1977. An sha tambayata ko kakanmu ne. Nakan ce a'a, ƙasa muka haɗa da shi, ba mu haɗa kaka ba, ko da yake da za a ba ni zaɓi da ban ƙi ba.

A ganina ba banza ba ne ka ga galibin gidajen da ke riƙe da irin wannan suna na gari suna da malami a tushensu. Malami ya saba da Bukhari da Tirmizi da Ƙairawani mai Risala, ya san mutum kan rufe sunansa da garinsu. Bakatsine kuma yana da abin tinƙaho, ga Gobarau, ga Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ba zai yarda a cuɗa shi cikin taron yuyuyu ba.

To ga yadda ta kasance a gidanmu. Bayan Turawa sun ci ƙasa, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, jama'a suka yi ta kwarara gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa gari a Sudan, a bakin Nilu kusa da Sinnar, har yau ana kiran garin da sunansa. Alfa Hashim ya wuce har Madina, can ya rasu a 1931. Namu kakan, wato wanda ya haifi Malam mahaifinmu, ba a cikin ayarin farko ya taso ba, daga baya ne ya bi hanyar da ta riga ta zama gwadabe: Barno, Wadai, Fashir, Ubayyid, har bakin Nilu. Tafiya ce ta shekaru, a tsaya a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri sannan a ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925 mutanenmu da yawa can suka maƙale, har yau jikokinsu suna cewa a kan hanyar Makka suke. Ƙanen kakan namu ɗaya ya tsaya a Gadarif ya kama noma. Kakan namu da Malam, lokacin yana yaro, da wani ɗan wansa suka gangara Sawakin suka haye teku a sambuk, ƙaramin jirgin ruwa na katako.

Da lokacin rubuta mutane ya zo, aka fara ba da takardar tabi'iyya, wato ta zama ɗan ƙasa, magatakarda ya tambayi kakanmu daga ina. Malami ne, sai ya ce daga Kashina, aka rubuta. Ɗan wan nasa yana Jidda yana dako a tashar jiragen ruwa, shi da aka tambaye shi jinsinsa cewa ya yi Hausa, aka rubuta Hausawi. Zuriyarsa su ne mutanen unguwar Sabil da kuke ce wa kakansu Baba na Jidda, ka ga jininka ne na kusa, amma bidaƙarsu, wato katin shaidarsu, ba ta nuna ba. Na Gadarif kuwa ba su da ko ɗaya, don a Sudan sunan mutum da na ubansa da kakansa da kakan ubansa ake jerawa, shi ke nan, a gari kuma Fallata ake ce musu duk da ba su iya ko gaisuwa da Fulatanci ba. Tsatso ɗaya, takarda iri uku.

Daga nan za ka gane dalilin ƙarancin sunan. Magatakarda a Makka ko Jidda bai san Katsina ba, bai san Daura ko Zazzau ba, manyan sunaye kaɗai ya sani. Na farkonsu Takruni, daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Senegal, wadda Larabawa suka yafa wa duk ƙasashenmu sunanta, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ƙasar Takrur ya kira yankin a sunan littafinsa Infaƙul Maisuri. Wannan sunan ya lalace a bakin mutane, daga gare shi ne aka sami Takari da ake yi wa gori da shi yanzu, ba mai son a rubuta masa shi. Sai aka koma ga Hausawi ga mai jin Hausa, Barnawi ga na Barno, Fallata ga Fulani. Waɗannan ukun suka haɗiye ƙananan. Bakatsine nawa ne yau ke amsa Hausawi, Allah kaɗai ya san iyakarsu. Shi ya sa a gasar cin kofin duniya ta 2018 ka ga masu tsaron baya uku a ƙungiyar Saudiyya duk Hausawi, Usama da Umar da Mu'utaz. Rayyana Barnawi ta tafi sararin samaniya a 2023. Madina kuma ba ta manta da Shaihu Umar Fallata ba, malamin hadisin da ya yi shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi, ya rasu a 1419 ta Hijira. Mu da Kanawi da sauran masu sunan gari, sai ka bincika. Ƙari a kan haka sunan ta wajen maza kaɗai yake gangarowa: gwaggonninka suna riƙe da shi har kabari, don mace a nan ba ta sauya suna saboda aure, amma 'ya'yansu na ubanninsu suke ɗauka. Waɗanda suka zo daga baya da fasfo kuwa, masu zama da igama, wato takardar izinin zaman baƙi, sunan uba ke rubuce a takardarsu, ko daga tsakiyar birnin Katsina suka fito. Ni dai gidajen da na sani masu sunan a Makka da Jidda da Madina suke, na Riyad da Dammam yaranmu ne irinka da aiki ya kai.

Yanzu mutumin Facebook. Ka ga jakunkunan alhazai da ake rubuta Katsina ɓaro-ɓaro a jikinsu? Jaka biyu masu rubutu ɗaya ba su nuna gida ɗaya suka fito ba, jirgi ɗaya dai ya kwaso su. Ƙasar Katsina ta da ma ta fi jihar yanzu faɗi. Bayan jihadi sarakunan Haɓe sun koma arewa sun kafa Maraɗi, har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can, don haka Kashinawi na iya zama mutumin Nijar a taswirar yau. Yana iya zama Bafulatani, ko Bahaushe, ko jikan Wangarawa. Mu kanmu ba 'yan birni ba ne, daga ƙauye kakanmu ya fito, sunan babban gari ya faɗa don shi aka sani. Ka amsa wa mutumin nan sallama, ka girmama shi, ɗan ƙasarmu ne kuma ɗan'uwa a Musulunci. Amma kada ka bari matarka ko ƙannenka mata su ɗauke shi muharrami, kada kuma ka shiga maganar kuɗi ko gado da shi a kan suna kawai. Alƙur'ani a Suratul Ahzabi cewa ya yi a kira mutane da ubanninsu, nasaba ta nan take bi. Ko a kotu in ana fitar da takardar magada, shaidun da suka san wane ya haifi wane ake nema, ba a duba ƙarshen suna a raba dukiya.

Maganar sauyawa kuwa, ban goyi baya ba. Ba don Hausawi na da aibi ba, Hausawa ne mu, da harshen nake rubuto maka. Amma Ahwal ba sa sauya sunan dangi don mutum ya gaji da maimaita shi, sai da hujja da dogon bincike, kuma in an sauya maka kai kaɗai, sunanka zai saɓa da na mahaifinka a takardar gidan unguwar Jarwal da takardar magada, ka jawo wa ɗan nan naka zirga-zirgar da ba shi ya ƙulla ba. Sannan Hausawi zai gaya wa jikanka yaren kakanninsa ne kawai, wannan kuwa yana gaya masa ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa in ya tashi neman tushe. Wanda ya kira ka Kashgari ka gyara masa, sau biyu ya isa ya riƙe. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne rubutun boko: na ga a fasfonku wani an sa masa Kashnawi, wani Kishnawi. Ka duba yadda naka yake, ka tsaya a rubuta wa yaron daidai da shi harafi da harafi.

Shi kuma mutumin Facebook ɗin, ka tambaye shi abu uku cikin ladabi: sunan kakansa da na kakan ubansa, garin ko unguwar da suka fito, in birni ne ko Masanawa ko Gambarawa ko Rafindaɗi, da kuma inda suka yada zango a Sudan. In ya kawo, ka turo mini. Akwai takardar da Malam ya rubuta jerin kakanninmu da ajami, tana wurin babbar gwaggonka, zan je in gwada su da ita.

Wassalam,
Baffanka, daga Makka.