Filin Masu Karatu: Zuma da Maɗacin Tseren Rali ga Matashi

Tun da tseren Dakar ya ƙauro Saudiyya a watan Janairun 2020, wasiƙun samarinmu na Makka da Jidda da Riyad a kan tseren motoci suka ƙaru, ballantana da Yazeed Al-Rajhi ya ci kofin a 2025, ɗan ƙasa na farko da ya taɓa yin haka a rukunin motoci. Ga amsoshin biyar daga cikinsu.

TAMBAYA: Shekarata 19, ina koyon kanikanci a wani gareji, ranar Juma'a kuma mukan fita hawan yashi da abokai. Kowa na cewa ina da hannu a sitiyari. Ta ina zan shiga tseren rali? Daga wani matashi a Shara Mansur, Makka.

AMSA: Ƙanenmu, ta kujerar dama za ka shiga, wato kujerar jagora. Mun san ba amsar da kake so ba ke nan. A tseren sahara mutum biyu ne a mota: direba da mai karanta masa littafin hanya. Littafin nan layi-layi ne, kowane layi da adadin kilomita, da ɗan zanen wurin, da lambar alƙibla daga 0 zuwa 360, inda 0 arewa ce, 90 gabas, 180 kudu, 270 yamma. Akwai kuma wuraren da aka ɗana a ɓoye waɗanda dole motar ta ratsa kusa da su kafin na'ura ta shaida cewa an wuce. Wanda ya tsallake ɗaya, za a lafta masa mintuna a kan lokacinsa, ko da ya fi kowa gudu. Direbobi masu kuɗin mota suna da yawa, amma jagoran da ya iya karanta hanya kuma ya iya kwance taya da canza bel cikin mintuna kaɗan nemansa ake yi. Kanikancinka jari ne a nan.

Takardu kuwa, lasin tuƙi na titi daban, lasin tsere daban. Na tseren yana fitowa ne daga hukumar wasan motoci da babura ta Saudiyya, bayan likita ya duba lafiyarka da idanunka. Mai zaune da iƙama, ƙa'idar FIA, hukumar wasan motoci ta duniya, ta yarda a ba shi lasin ƙasar da yake zaune, muddin ya nuna shaidar zama kuma ƙungiyar wasan motoci ta ƙasarsa ta amince. Ka fara da gasar cikin gida, irin ta Ha'il da ake yi tun 2006, ko ta Ƙasim da Tabuk, ko da a matsayin yaron bakanike ne a zangon gyara. Tafhiɗ a titi kuwa, wato wasan ganganci da mota, ka nisance shi. Tararsa ta farko riyal 20,000 ce har da tsare mota, kuma abin da yake koya wa hannu, wato jujjuya mota a kwalta, ba ya aiki a yashi.

TAMBAYA: Me ya sa muke ganin yara masu shekara 18 ko 19 suna cin zango a Dakar, amma a ƙarshe sai a ga dattawa ne suka ɗaga kofi? Daga mai karatu a unguwar Gulail, Jidda.

AMSA: Malam, domin zango yini ɗaya ne, tseren kuwa kusan mako biyu, kuma lokacin kowace rana tarawa ake yi. Dubi Seth Quintero na Amurka. A 2021, yana ɗan shekara 18, ya ci zango a rukunin ƙananan motoci. A 2022 ya ci zango 12 cikin 13, abin da ba a taɓa gani ba, amma bai ci tseren ba, saboda a zango na biyu diferenshal, wato na'urar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyi, ya lalace masa a tsakiyar daji, ya yi asarar sa'o'i masu yawa da gudun sauran kwanakin bai iya biya ba. Eryk Goczał na Folan ya ci rukuninsa a 2023 yana da shekara 18. Shekarar da ta biyo baya yana kan gaba aka kore shi daga gasar, domin masu bincike sun tarar kulocin motarsa ya saɓa ƙa'ida. Saood Variawa na Afirka ta Kudu kuwa ya ɗanɗana duka biyun a mako guda a 2025: ya yi karo gaba da gaba da abokin tawagarsa Giniel de Villiers a zango na biyu, a zango na uku kuma ya ci, yana ɗan shekara 19.

Akwai wani tarko da ƙa'idar tseren ta ɗana wa mai zumuɗi. Wanda ya ci zangon yau, shi zai buɗe hanya gobe. Babu sawun mota a gabansa, shi zai laluɓo alƙibla, na baya kuma su bi sawunsa a huce. Shi ya sa tsoffin hannu sukan sassauta da gangan a ƙarshen wani zango don su tashi na biyar ko na shida washegari. Yaro ba ya iya wannan haƙurin, yana son ganin sunansa a saman allo tun a daren.

Kada kuma a ɗauka dattawan sun tsira. Shi kansa Al-Rajhi yana jan ragamar gasar 2024 ya kifar da motarsa a yashin Rub'ul Khali, a farkon wani zango na musamman da ake shafe sa'a 48 ana yinsa, ya koma gida. Bambancin shi ne babba yana da mai ɗaukar nauyi da zai sake gina masa mota, yaro kuwa sau da yawa kifewa ɗaya ce ke cinye kuɗin shekararsa. A ganinmu wannan ne ɗacin da ya fi kowanne: zaman gida ana kallon tsere a waya saboda babu kuɗin shiga, ga taya da shakazoba da ladan makanikai suna jira. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Har agogo ma yana kayar da mutum. A tseren rali na hanyar tsakuwa, irin wanda gasar duniya ta kawo Jidda a Nuwamban 2025, wanda ya makara a wurin buga katin lokaci daƙiƙa 10 ake ci masa a kan kowane minti, wanda ya shiga kafin lokacinsa kuwa minti guda cur a kan kowane minti. Sauri ya haifi nawa.

TAMBAYA: Mace za ta iya shiga? Daga wata ɗaliba a Madina.

AMSA: Ƙanwarmu, sarai ma. An ba mata izinin tuƙi a watan Yunin 2018, zuwa 2021 Dania Akeel ta ci kofin duniya na gajerun tseren sahara a rukuninta, ta kuma gama Dakar ta 2022 a matsayi na takwas a rukunin. Ƙofa mafi sauƙi ita ce Rally Jameel, gasar mata zalla da aka fara a 2022, wadda ake auna iya karanta hanya da kiyaye lokaci a cikinta, ba tsananin gudu ba.

TAMBAYA: Ɗana ya dage sai tsere. Ni dai tsoro nake ji. In hana shi ne? Daga wata uwa a Misfala, Makka.

AMSA: Hajiya, tsoronki na kan hanya, wasa ne da ake karyewa a cikinsa, ana kuma mutuwa. Amma in har zai hau yashi ko kin yarda ko ba ki yarda ba, gara ya hau a inda ake bincikar mota kafin ta tashi, akwai na'urar da ke nuna inda take, akwai kuma likita a kusa. Ki gindaya masa sharuɗɗa, ki kuma gani da idonki. Mota ta zama mai kejin ƙarfe da aka haɗa da gangar jikinta. Bel ɗin kujera mai maɗauri biyar ko shida, wanda wa'adinsa bai ƙare ba, domin shekara biyar ake ba shi, kuma kwanan watan na jikinsa a rubuce. Hular kwano tare da abin tallafe wuya da ake maƙala mata, saboda in mota ta caki yashi da hanci, jiki yana ɗaure amma kai yana wurgawa gaba. Kayan sawa masu jure wuta tun daga singileti har safa. Rigar leda irin ta 'yan ƙwallo narkewa take yi ta manne a fata. Raunin da ya fi yawa a motar yashi na ƙashin baya ne, idan mota ta yi tsalle ta sauka da ƙarfi. In ya dawo yana kukan baya, hoton asibiti za a yi, kada a tsaya a man zafi da gashi.

TAMBAYA: Muna atisaye da ƙaramar motar yashi ƙirar Can-Am a Sumama, kusa da Riyad. Bel ɗin giya yana yawan tsinkewa, muna kuma yawan kafewa. Ina matsalar take? Daga wasu samari uku a Riyad.

AMSA: Samari, matsalar biyu uwarsu ɗaya: ƙafa mai nauyi a kan totur. Zafi ne ke kashe bel. Idan kuna hawan tudu a hankali da babbar giya, ko mota ta kafe kuna ta danna mata wuta, bel ɗin yana zamewa a kan faranti, ya yi zafi, ya yi santsi, ya tarwatse. Ku sa ƙaramar giya duk lokacin da tafiya ta zama ta jan ciki. Ku ɗaura ma'aunin zafin bel, in ya doshi digiri 100 ku sassauta ku bar iska ta ratsa. Sabon bel a tafi da shi a hankali na kilomitocin farko kafin a matsa masa. Bayan ya tsinke, ku tsince kowane zare daga cikin akwatin da bututun iskarsa, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu. Ku riƙe biyu a mota, tare da kayan kwancewa a inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba.

Kafewa kuwa daga taya take farawa. Babbar mota mai jan ƙafa huɗu takan sauko zuwa wajen 15 a ma'aunin iska na PSI idan yashi ya yi laushi, taku mai sauƙin nauyi tana jure ƙasa da haka. Sai dai iska in ta yi ƙasa, kwana mai kaifi kan ɓalle taya daga rim, dutse kuma kan tsaga gefenta, don haka ku ƙara iska kafin ku shiga tsakuwa. Tudun yashi fuska biyu gare shi: ɓangaren da iska ke bugawa mai tauri ne mai sauƙin gangare, bayansa kuwa laushi ne da gangare mai tsayi. Ku ɗaga ƙafa daf da ƙoli don hancin mota ya leƙa ya sunkuya da kansa. Wanda ya saki totur da wuri zai ɗare ƙolin da cikin mota, tayoyi na lilo, wanda ya makara kuma zai tashi sama. Gangarowa a miƙe ake yi, ba a taka birki da ƙarfi, ba a karkata. Tsakar rana inuwa takan ɓace, rami da tudu su zama launi ɗaya, yashin ma ya fi laushi, saboda haka ku yi atisayenku bayan asuba ko bayan la'asar. In ta kafe, ku tsaya nan take, ku haƙe yashin da ke ƙarƙashin cikinta da gaban tayoyi huɗun da shebur, ku ƙara rage iska, ku shimfiɗa allunan fitarwa, sannan ku koma baya a kan sawunku da ƙaramar giya.