'Yar uwa kar ki karɓi ƙunshin nan

Salamu alaikum. 'Yar uwa da kika ce shekara biyu kina shan maganin damuwa ba sauƙi, kin ga bidiyo ana magani da laimar kwaɗi kuma wani ya ce zai kawo miki har Jidda, wallahi sai da na ajiye waya, kamar ni na rubuta.

Tun da yaƙi ya fito da mu daga garin Madani na Sudan a Disamba 2023 barci ya ƙaurace min, ko murfin tukunya ya faɗi sai jikina ya hau rawa. Akwai wata asuba ina zaune a ƙasan kicin, ruwan shayi ya ƙafe a buta ina kallo na kasa tashi, yayar mijina ta shigo ta ce wai rashin tawakkali ne, uwar 'ya'ya huɗu tana shan ƙwayar mahaukata. A gaban yarana fa! Ta kwashi maganin ta zuba a shara. Har yau in na ji takun silifas ɗinta... bari kawai.

Lokacin ko guba aka ce min magani ce zan sha, shi ya sa ban ga laifinki ba. Na bi maganar nan sosai, har kwana nake ina tambayar kaina wannan magani ne ko maye. Gaskiya ne Ostireliya ta ba da dama a yi magani da psilocybin, wato sinadarin da ke cikin laimar kwaɗin, da MDMA, wata ƙwayar maye, tun Yuli 2023, amma likitan ƙwaƙwalwa mai izini na musamman ke bayarwa, a ɗaki, ana zaune da ke awa da awanni, bayan an bincika ko akwai taɓin hankali a danginku. Amurka kuwa a Agusta 2024 ƙin amincewa da MDMA ta yi, ta ce a sake gwaji. Shi mai ƙunshin, wa zai zauna da ke in abin ya juye miki? Kuma kin san a nan Saudiyya ba a wasa da ƙwaya, iƙama da yara duk a ruwa.

Ni komawa na yi na faɗa wa likita ƙiri-ƙiri maganin bai karɓe ni ba, ya canza, sai bayan wata biyu na ɗan ji dama. Kar ki daina sha kwatsam. Ki tambaye shi batun Spravato, na fesawa a hanci, a asibiti ake yi a riƙe ki awa biyu, ni dai kuɗinsa ya fi ƙarfina. Kuma ki ɓoye maganinki, nawa yanzu a gwangwanin Nido yake ƙarƙashin gado.