Amsa ga 'yar'uwa mai jinyar uwar miji

'Yar'uwa, sannu da jinya. Kin ce likita ya sallamo Hajiya gida, jiki ya yi tsanani, ga kunyar surukuta ta hana ki matsawa kusa. Ajiye kunyar nan yau. Zauna gefen tabarmarta, ki jiƙa auduga ki shafa mata a leɓe, kina kalmar shahada a hankali yadda za ta ji. Kada a matsa mata da "faɗi, faɗi". In ta furta, a ƙyale ta.

Ki nemi gafararta, maigidanki ya tambaye ta ko akwai bashi a kanta ko ajiyar wani a wurinta. 'Ya'yanta na Agadas da Kano a kira su yanzu, don a Damagaram ba a jinkirta jana'iza. Hawaye ba laifi, kururuwa ce aka hana. Allah ya ba ta sauƙi.