Kan maganar rariyar nan da ka tambaya

Toh ɗana na ga saƙonka na jiya da dare, kana cewa tunda mun riga mun gane wannan ƙashin alade ne wancan na tunkiya, me zai sa in dinga matsa maka sai ka cika gidan da ke cikin fom na girman idon rariya da yadda aka tsinci ƙashin a ramin da muka haƙa kafin mu tura shi rumbun bayanan da muke haɗawa da sauran masu binciken cimar Romawa. Wallahi wannan gidan da kake ganin ɓata lokaci ne shi ne rabin aikin.

Kaga shi rumbun nan amfaninsa kwatance ne. Rami ɗaya ba ya gaya maka komai sai abin da gida ɗaya ya ci. Sai da masanin kayan tarihi Anthony King ya tattaro ƙididdigar ƙasusuwa daga wurare da yawa a 1999 sannan abin ya fito fili, tsakiyar Italiya wajen Rum alade ne ya fi yawa, Birtaniya da sansanonin sojan arewacin daular shanu, gabashinta kuma tumaki da awaki. Amma ka ɗauka mutum ɗaya ya tsinci ƙashinsa da hannu yana haƙa, ɗayan ya tankaɗe ƙasarsa da rariya mai milimita 1, sai ka zuba su a layi ɗaya cikin kwamfuta ba tare da ka faɗa ba. Na farkon zai ce maka mutanen ba sa cin kifi, alhali idonsa ne bai gani ba, don ƙashin ƙaramin kifi wani bai kai ƙwayar shinkafa ba, cikin laka kuma ina za ka gan shi.

Ka duba Harkulaniyam, garin da dutsen Besubiyas ya binne a shekara ta 79 miladiyya. Akwai magudanar ƙazanta a ƙarƙashin shaguna da ɗakunan talakawa, aka kwashe sama da buhu 700 na abin da ke ciki, aka tankaɗe aka wanke a hankali, wata masaniya Erica Rowan ta zauna a kai ta fitar da abinci sama da kala 100, 'ya'yan ɓaure, ƙwallon inabi, zaitun, ɓawon ƙwai, kifi kala kala, har da masoron da aka kawo tun daga Indiya. Talakawa fa. Da a ce da hannu aka tsinta da yanzu ana nan ana cewa burodi da kunu kawai suka sani.

Haka tsirrai ma, ka rubuta min ƙonewa ƙwayar ta yi ta zama gawayi, ko a ruwa ta kwana, ko ƙazantar masai ce ta mayar da ita dutse, don alkama da sha'ir a ƙone ake yawan samunsu, ɓaure kuwa sai masai ko rijiya. In ba ka bambance ba wani zai ɗauka garin da aka haƙa masai ɗinsa ne kaɗai ke cin kayan marmari.

Ni kaina na taɓa kwashe sati biyu ina shigar da wani tsohon rahoto mai ƙashi dubbai, aiki mai kyau, amma babu inda suka faɗi ko sun tankaɗe, ƙarshe dole na ware shi gefe, har yau abin yana min ciwo don ramin an riga an haƙe shi ba zai dawo ba.

Sannan dan Allah inda ba ka tabbatar tunkiya ce ko akuya ba ka sa tunkiya ko akuya shikenan, ba abin kunya ba ne, manya ma haka suke yi. Gobe ka zo da wuri, buhunan rami na uku za mu fara wankewa, ka taho da ƙaramar rariyar da ke bayan ƙofa.